Dalilin da Ya Sa Ake Fi Turo Mutane Wurin Sana'ar da Aka San Sunanta

Wani mai ƙaramar sana'a ya aiko da tambaya yana cewa ya daɗe yana aiki, waɗanda suka yi hulɗa da shi ba sa kuka da aikinsa, wasu ma suna yaba masa a gaban idonsa, amma da wuya baƙo ya zo ya ce masa wane ne ya turo shi. A gefe guda kuma akwai abokin sana'arsa wanda aikinsa bai fi nasa ba, sai dai sunansa yana bakin kowa, kuma shi ake ta turo wa mutane. Yana so ya san dalili, yana kuma so ya san ko ya dace ya kashe kuɗi da lokaci wajen sanar da sunansa, ko kuwa ya ci gaba da dogaro da ingancin aikinsa har jama'a su gane da kansu.

Ɗan'uwa, ingancin aiki shi ke ba mutum dalilin turo wani wurinka, amma sanin sunanka da yawan ganinsa su ke ba shi ikon aikata hakan a daidai lokacin da buƙata ta taso. Yawancin masu ƙananan sana'o'i suna zuba dukkan ƙarfinsu a kan na farko, su bar na biyu a hannun sa'a, kuma abin yana damuna, domin sau da yawa mutanen da suka fi cancanta a san su su ne suka fi jin nauyin tallata kansu.

Tambayarka ta ginu a kan wani zato, wato duk wanda ya gamsu da aikinka zai gaya wa wani. An auna wannan zato, kuma bai tsaya da ƙafarsa ba. A shekarar 2003 Fred Reichheld ya wallafa wata maƙala a mujallar Harvard Business Review inda ya ba kamfanoni shawarar su riƙa yi wa abokan cinikinsu tambaya guda: daga sifili zuwa 10, yaya yiwuwar su nuna wa wani aboki wannan kamfani? Kamfanoni da yawa a duniya sun rungumi wannan ma'auni. Amma a 2007 V. Kumar da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin abokan cinikin wani kamfanin sadarwa da wani kamfanin hada-hadar kuɗi, suka tarar cewa fiye da kashi biyu cikin uku sun ce za su turo wani, alhali waɗanda suka aikata ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Waɗannan mutane ba ƙarya suka yi ba. Niyyar tana nan, sai dai tsakanin niyya da aiki akwai wasu matakai da suke karyewa, kuma kusan dukkansu sun shafi suna.

Ka duba yadda abin yake faruwa a zahiri. Ba safai mutum yake tashi da safe ya ƙudurta cewa yau zai tallata wanda ya gyara masa mota ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ana cikin hira sai wani ya ce injin motarsa yana wani ƙara, ko rufin gidansa yana yoyo, ko yana neman wanda zai tsara masa lissafin kasuwancinsa, ya tambaya ko an san wani mai amana. Wanda aka tambaya yana da 'yan daƙiƙu kaɗan kafin hira ta wuce zuwa wani batu. Idan sunanka ya faɗo masa a wannan ɗan lokaci, ka samu. Idan kuwa abin da ya iya tunawa shi ne akwai wani mutum da ya taɓa yi masa aiki mai kyau, amma sunan ya kwanta masa, kuma bai san da wane suna ya ajiye lambar a wayarsa ba, sai ya ce zai duba ya turo daga baya, kuma yawanci daga nan maganar ta mutu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sannan wani da ke zaune a wurin, wanda wataƙila bai taɓa ba abokin sana'arka aiki ba, zai ambaci sunansa don kawai kullum yana ganinsa.

Masana harkar talla suna rarrabe sanin suna gida biyu, kuma bambancin yana da muhimmanci a nan. Akwai ganewa, wato idan aka nuna wa mutum sunanka ko tambarinka ya ce ya san shi. Akwai kuma tunowa, wato ba a nuna masa komai ba, an dai ambaci buƙata, sai sunanka ya zo masa da kansa. Mai saye da ke tsaye a cikin kanti yana kallon kaya ganewa ta ishe shi. Mai turowa kuwa tunowa yake buƙata, domin babu komai a gabansa sai tambayar da aka yi masa, kuma tunowa ta fi ganewa wahalar samu nesa ba kusa ba. Byron Sharp na cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Adelaide a Ostireliya, a littafinsa na 2010 kan yadda sunayen kasuwanci suke girma, ya nuna cewa girma ya dogara ne a kan abu biyu: sauƙin tuna ka a lokacin buƙata, da sauƙin samunka idan an tuna. Abokiyar aikinsa Jenni Romaniuk ta ƙara fayyace cewa ƙwaƙwalwa ba ta ajiye suna a rataye shi kaɗai, tana ɗaure shi ne da wani yanayi ko wata buƙata. Saboda haka tambayar da ta kamata ka yi wa kanka ba ta tsaya kan ko an san ka ba. Ta haɗa da wane yanayi ne idan ya faru sunanka zai zo wa mutum.

Akwai wani bincike da ya taɓa tambayarka kai tsaye. A 2011 Jonah Berger da Eric Schwartz sun nazarci yadda mutane suke hira a kan kayayyaki fiye da 300, suna neman sanin abin da ke sa a yi maganar wani kaya. Sun tarar cewa kayan da suke da ban sha'awa ko ban mamaki ana yin maganarsu sosai a farko, amma maganar takan dushe ba da jimawa ba. Kayan da ake ci gaba da maganarsu tsawon lokaci su ne waɗanda ake gani a bainar jama'a, ko waɗanda abubuwan yau da kullum suke tuna wa mutum da su. Wannan sakamako yana da ɗaci ga mai alfahari da aikinsa, amma gaskiya ne: aikin da ya burge abokin cinikinka a watan jiya ya riga ya fara shuɗewa daga ransa, sai in akwai abin da ke sake tuna masa da kai.

Wannan ɓangaren ƙwaƙwalwa ke nan. Akwai ɓangare na biyu da nake ganin ya fi shi nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi: wanda ya turo wani wurinka ya jingina mutuncinsa ne.

Idan na ce wa surukina ko maigidana a wurin aiki ya je wurin wane, na tsaya wa wane ke nan. Idan aikin ya yi kyau, za a ce na san mutane. Idan ya lalace, ko aka cuci wanda na tura, ni ne zan ji kunya, kuma wataƙila dangantakar da na shekara ina rainonta ta sami tabo saboda wani aiki da ba ni na yi ba. Ribar mai turowa kaɗan ce, haɗarinsa kuwa babba ne, shi ya sa mutane suke da rowar turowa ko da sun gamsu. Wanda ya taɓa yin hulɗa da kai sau ɗaya shaida ɗaya tak gare shi, kuma a ransa yana iya tunanin ko dace ya yi. Amma idan yana ganin sunanka a kai a kai, yana ganin wasu ma suna ba ka aiki, yana ganin ka shekara da shekaru a wuri ɗaya da suna ɗaya, sai nauyin shaidar ya daina zama a wuyansa shi kaɗai. Zai iya cewa kowa ya san wane, kuma wannan jimla garkuwa ce gare shi. Ko da abin ya ɓaci, ba za a ce ya tura mutum wurin wanda ba a san asalinsa ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana tushen wannan tsoro. A 1970 George Akerlof ya rubuta shahararriyar maƙalarsa a kan kasuwar motocin hannu, inda ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mara kyau kafin ya biya ba, zai yi wa kowa kallon zargi, har masu kaya na ƙwarai su rasa farashin da ya dace da su. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. A cikin maƙalar ya ambaci sunan kasuwanci a matsayin ɗaya daga cikin magungunan wannan matsala, domin mai suna yana da abin da zai rasa idan ya ci amana. A shekarar 1970 ɗin dai Phillip Nelson ya rarrabe kayan da ake iya sanin ingancinsu kafin saye da waɗanda sai an yi amfani da su ake sani, sannan a 1973 Michael Darby da Edi Karni suka ƙara kashi na uku, wato ayyukan da ko bayan an gama mai biya ba zai iya tabbatar da ingancinsu ba. Wanda aka gyara wa birki, ko aka ja masa wayar lantarki a cikin bango, ko aka duba masa takardun haraji, yawanci ba shi da ilimin da zai tantance ko an yi daidai. Mafi yawan ƙananan sana'o'in hidima suna cikin kashi na biyu da na uku. Wannan yana nufin ingancin da kake taƙama da shi, wanda ban musanta ba, abu ne da yawancin abokan cinikinka ba sa iya aunawa yadda kai kake auna shi. Suna auna abin da idonsu ke iya gani: ko ka cika alkawari, ko ka amsa waya, ko wasu sun san ka, ko za a same ka idan matsala ta taso bayan wata shida. Mai sana'ar da ya kafa allo da sunansa, ya rubuta shi a jikin motar aikinsa da rasit ɗinsa, yana faɗa wa jama'a ba da baki ba cewa ba shi da niyyar gudu.

Yanzu mu koma ga wanda aka ba shawarar, domin turowa ba ta cika sai ya taso ya zo. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna wa mutane kalmomi marasa ma'ana a gare su, da alamomi masu kama da rubutun Sinanci, da hotunan fuskokin da ba su sani ba, wasu sau ɗaya, wasu har sau 25. Da aka tambaye su ra'ayinsu, sai suka fi jin daɗin waɗanda suka fi gani, ko da yake ba a ba su wani bayani a kansu ba. An maimaita irin wannan gwaji sau ɗaruruwa, kuma a 1989 Robert Bornstein ya tattara fiye da 200 daga cikinsu ya tabbatar da cewa tasirin na gaske ne. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, idan aboki ya ambaci sunanka ga mutumin da ya taɓa ganin sunan a wani wuri, zai ce ai kuwa ya taɓa jin su, kuma shaidar abokin da sabon idonsa za su haɗu su ƙarfafi juna. Idan kuwa sunan baƙo ne gare shi gaba ɗaya, zai ji shi a matsayin ra'ayin mutum ɗaya, ya ci gaba da tambaya, har ya ji wani sunan da ya saba da shi.

Kuma a yau da wuya mutum ya karɓi shawara bai bincika ba. Zai rubuta sunan a wayarsa ya duba intanet. Idan ya tarar da adireshi a taswirar Google, da lambar waya mai shiga, da hotunan ayyuka, da ra'ayoyin wasu da suka riga shi, gani ya kori ji. Idan bai tarar da komai ba, ko ya tarar da sunaye uku masu kama da juna bai san wanne ne naka ba, ko ya kira lambar ya ji ta daina aiki, to an turo maka mutum ka rasa shi ba tare da ka ma sani ba. Wannan ita ce asarar da ta fi ban takaici, domin ba ta bayyana a kowane littafin lissafi. Binciken da Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya fitar a 2011 a kan gidajen abinci na birnin Seattle ya nuna cewa ƙarin tauraro ɗaya a shafin Yelp, inda abokan ciniki suke ba wurare maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar, yana ƙara kuɗin shiga da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Abin lura shi ne an ga wannan tasiri ne a wuraren da suke zaman kansu, ba a gan shi a manyan kamfanoni masu rassa da yawa ba, domin su an riga an san su. Wato shaidar da ake gani a fili ta fi amfanar ƙarami fiye da babba.

Akwai kuma wani abu da nake zaton shi ne ainihin sirrin abokin sana'arka. Kai kana lissafin waɗanda za su turo maka mutane ne daga cikin abokan cinikinka kawai, alhali shi yawancin masu ambaton sunansa wataƙila ba su taɓa biyansa ko sau ɗaya ba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter, a maƙalarsa ta 1973, ya ba da rahoton abin da ya samu daga ma'aikata a wani gari kusa da Boston waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani da suka sani. Ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka ce suna ganin mutumin a kai a kai. Sauran duk jefi-jefi suke haɗuwa da shi, ko ma da wuya. Dalilin a bayyane yake: na kusa da kai sun san abin da ka sani, sun san mutanen da ka sani, sabon labari kuwa daga nesa yake shigowa. Haka abin yake a sana'a. Aminanka da abokan cinikinka na ƙut da ƙut sun riga sun gaya wa duk wanda za su gaya wa. Sababbin mutane suna zuwa ne ta bakin maƙwabcin abokin ciniki, ko mai sayar maka da kayan aiki, ko mai wata sana'a da ke kusa da taka, kuma irin waɗannan ba su da wata alaƙa da kai sai sunan da suke gani. Idan sunan ba ya ko'ina, wannan rukuni gaba ɗaya ba ya yi maka aiki, kuma ya ninka abokan cinikinka yawa sau da dama.

Ya kamata in faɗa maka cewa ƙanƙanta ita kanta tana da nata haraji. William McPhee ya lura a 1963, Andrew Ehrenberg kuma ya tabbatar da shi a kasuwanni masu yawa daga baya, cewa ƙananan sunaye suna shan kashi sau biyu: masu sayensu kaɗan ne, kuma waɗannan kaɗan ɗin ma ba su kai na manyan sunaye riƙo ba. Don haka kada ka ɗauki ƙarancin turowa a matsayin hukunci a kan aikinka.

Ko ya cancanci wahalar? Ina ganin ya cancanta ƙwarai. Philipp Schmitt da Bernd Skiera da Christophe Van den Bulte sun bi abokan hulɗar wani babban banki a Jamus kimanin 10,000 na kusan shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2011: waɗanda wani ya turo sun fi sauran daɗewa tare da bankin, kuma darajarsu ga bankin ta fi ta takwarorinsu da aƙalla kashi 16 cikin ɗari. Wanda ya turo mutum ya san ka ya kuma san shi, don haka yakan turo wanda buƙatarsa ta dace da abin da ka iya, kuma baƙon yakan zo da amana a hannu, ba sai ka fara ginata daga tushe ba.

Game da abin da za ka yi, ba na ba ka shawarar ka fara da sayen talla mai tsada. Ka fara da sunan kansa. Ka faɗa wa wani shi a waya sau ɗaya, ka ce ya rubuta. Idan ya kuskure, ko ya ce ka maimaita, to haka zai riƙa lalacewa a bakin mutane. Suna mai tsawo, ko wanda ya yi kama da na wasu goma a sana'arka, ko wanda aka cika shi da haruffan taƙaitawa, ba ya tafiya nesa. Idan jama'a sun riga sun laƙaba maka wani suna da suke kiranka da shi, sau da yawa hikima ita ce ka karɓe shi ka rubuta shi a allo, domin ya riga ya nuna yana zama a baki. Bayan haka ka tsaya a kan suna ɗaya da launi ɗaya da tambari ɗaya da lambar waya ɗaya a ko'ina: a allo, a rasit, a rigar aiki, a WhatsApp, a Facebook, a taswira. Na ga masu sana'a da yawa suna canza tambari duk shekara saboda sun gaji da ganinsa, alhali a lokacin da mai shi ya fara gajiya da tambarinsa ne jama'a suke fara riƙe shi. Duk canji yana mayar da kai baya a ƙwaƙwalwar mutane.

Sannan ka zaɓi abu ɗaya da kake so a san ka da shi, ko da kana iya goma. Wannan yana da wahala a zuciya, domin mutum yana jin kamar yana rufe wa kansa ƙofofi. Amma mai turowa jimla ɗaya yake da ita, kuma jimlar da ke cewa wane shi ne gwanin abu kaza tana da sauƙin faɗa da sauƙin tunawa fiye da wadda ke cewa wane yana yin komai da komai. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa ɗaya zai gano sauran da kansa.

Ka kuma sa aikinka ya ɗauki sunanka. A 1996 kamfanin Hotmail ya riƙa saka layi ɗaya a ƙarshen kowane saƙon imel yana gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa akwatin kyauta, kuma ta wannan hanya ya sami miliyoyin masu amfani kafin Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997. Darasin ya shafi ƙaramar sana'a kamar yadda ya shafi babba: ɗan lakabi a cikin rigar da aka ɗinka, ƙaramar takarda mai lamba a jikin na'urar da aka gyara, allo a gaban ginin da ake aiki da izinin mai shi, hoton aikin da aka kammala idan abokin ciniki ya yarda a nuna. Irin waɗannan suna zama a wurin da buƙata za ta sake tasowa, kuma suna amsa tambayar baƙon da ya ga aikin ya ce wa ya yi wannan. Ka haɗa da ɗan tuntuɓa bayan aiki, kamar saƙo bayan mako biyu kana tambayar ko komai lafiya, domin hakan hidima ce ta gaske kuma yana dawo da sunanka saman wayarsa. Idan ya nuna gamsuwa, babu abin kunya ka ce masa in ya san mai irin wannan buƙata ya ba shi lambarka. Mutane da yawa suna zaton mai sana'a na ƙwarai aiki ya yi masa yawa, ba su san yana neman ƙari ba.

Batun ba da la'ada ga mai turowa yana buƙatar taka-tsantsan. Yana iya aiki, bankin Jamus ɗin nan ma lada yake bayarwa, amma ka tuna ƙarfin shawara yana zuwa ne daga yardar mai ji cewa mai faɗa ba shi da wata riba a ciki. Idan za ka bayar, ka yi shi a fili, kuma ya fi kyau wanda aka turo ma ya sami wani rangwame, don mai turowa ya ji alheri ya yi wa ɗan'uwansa. Ra'ayoyin bogi a intanet kuwa ka nisance su gaba ɗaya. Yaudara ce, masu karatu suna ƙara gane su, kuma a Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta fitar da doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da su.

Dole in ja maka kunne a kan iyakar duk wannan. Sanannen suna yana yaɗa abin da ke akwai ne, mai kyau ko mara kyau. Robert East da abokan aikinsa sun samu a 2007 cewa maganar yabo ta fi ta suka yawa kusan sau uku, wanda labari ne mai daɗi ga mai aiki na ƙwarai, amma sukar da ta sami sanannen suna tana da wurin maƙalewa, kuma tana tafiya ta hanyoyin da yabo ke bi. Gwaje-gwajen da suka biyo bayan na Zajonc sun kuma nuna cewa idan mutum ya riga ya ƙi abu, yawan ganinsa yana iya ƙara masa ƙiyayya, kuma maimaici idan ya yi yawa yana gundura. Wanda ke cika wayoyin mutane da saƙonnin talla kullum ana ganinsa, amma ba irin ganin da ke jawo amana ba ne. Saboda haka, kafin ka ɗaga murya, ka tabbatar da abin da ka ce game da gamsuwar abokan cinikinka, kuma ma'aunin da ya fi yabon gaban ido gaskiya shi ne ko suna dawowa. Idan ba sa dawowa a sana'ar da ya kamata a dawo, to akwai gyara a cikin gida da ya riga talla muhimmanci, kuma sau da yawa ba a ƙwarewar hannu yake ba, a saɓa alkawari da rashin amsa waya yake.

Idan kuwa suna dawowa, to ka fara da abu mai sauƙi daga gobe: duk sabon mutumin da ya zo, ka tambaye shi yadda aka yi ya san ka, ka rubuta amsar a littafi. Idan ya ce wani ne ya turo shi, ka ƙara tambayarsa ko ya taɓa ganin sunan kafin a gaya masa, kuma a ina, sannan ka nemi wanda ya turo shi ka yi masa godiya, domin wanda aka gode wa yakan sake. Bayan 'yan watanni littafin zai nuna maka su wane ne suke ɗauke da sunanka, da wuraren da ake ganinsa, kuma a kan waɗannan wurare ne ya kamata ka kashe ɗan kuɗin da ka ware.